Wa Ya Ɗaure Muryar Harisu?

Sandamu, watan Safar

Zuwa ga ƙanena Ma'aruf, a Mai'adua.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, kasuwa kuma tana tafiya. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inno da ke tashi jefi-jefi. Tana gaishe ka, ko da yake na ce mata ba ka cancanta ba.

Ka yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne. Da ina da murya da na sa an kira mini kai a waya, amma me za ka ji? Huci kawai.

Har yau ban huce ba, Ma'aruf. Kana rataye da gangarka a gayyar Zango ranar da Yahya ya miƙo mini ludayin fura. Kowa ya san mawaƙi ba ya shan abu daga hannun abokin gasarsa, amma na sha, don kada a ce Mati ya ji tsoro. Kafin girbi muryata ta tafi, ni da in na ɗaga waƙar noma har 'yan gonar maƙwabta ke tsayar da fartanya. Da shari'a ta zo na yi hamdala, na kai ƙarar Yahya. Alƙali ya ce in kawo shaida. Na aika maka, ka ce zazzaɓi. Na sake aikawa, aka ce kana Nijar. Aka sallame ni, Yahya ya biyo ni har bakin ƙofa wai Allah ya ƙara sauƙi. Shekara nawa ke nan? Ban taɓa jin bakinka a kan maganar ba.

To, ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Maganar Harisu ce, ɗana kuma ɗanka. Tun da aka jingine ganguna ya koma yabon Manzon Allah, mutane kuma sun karɓe shi. An sa shi cikin masu bege a Maulidin bana a Daura. Ga shi muryarsa ta dusashe, in ya ja baiti sai ya karye masa a tsakiya, kuma yana kukan zafi in zai haɗiyi miyau. Uwarsa Inno ta ce ya huta, ya je asibiti. Asibiti! Me likita ya sani a kan muryar mawaƙi? Ni na san aikin maƙiyi in na gan shi.

Ka aiko mini da baƙin garin maganin nan da kake haɗa mini a da, wanda ake lasa da zuma. Shi ya riƙe ni duk waccan daminar, tun kafin furar har bayanta. Na ji yanzu shi ne sana'arka. Ka ba mai babur ɗin da ya kawo maka wannan.

Ka gai da mutanen gida.

Yayanka, Mati.

Sandamu, bayan Maulidi

Zuwa ga Ma'aruf.

Sallama irin ta addinin Musulunci. Yaya jiki, yaya yara? Allah ya sa kowa lafiya.

Kwalba ta iso, amma ko layi ɗaya ba ka haɗo ba. Na juya ledar ciki da waje ko takarda ta maƙale. Mai babur ya ce ka daɗe kana jujjuya kwalbar a hannu kafin ka ba shi, kuma wai ka ce a riƙa lasa kaɗan. Kaɗan! Ni za ka koya wa? Cokali cike nake sha kana kallo.

Magani dai ya yi. Lasar farko Harisu ya yi hawaye don raɗaɗi, can sai maƙogwaron ya yi shiru, zafi ya ɗauke. Ranar taro da ya karɓi lasifika, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wani dattijo kusa da ni ya tambayi ɗan wane ne. Na buɗe baki in ce nawa ne, abin bai fito ba, sai na buga ƙirjina. Ya gane.

Inno ce ta hana ni jin daɗin abin. Wai yaron ba ya jin gishiri a miya, wai ya kurɓi kunu yana tururi bai san ya ƙone ba, wai ta ga ja-ja a abin da ya tofar. Na ce mata mugun abin ne ke fita. Ta ɓoye kwalbar cikin tukunyar daddawa, warin kanumfari ya tona ta. Yanzu ba ta yi mini magana sai ta ajiye tuwo ta wuce.

Wataƙila ka ji Yahya ya rasu. Yana kwance ya aiko wai in zo mu yafi juna. Na ce ya fara dawo mini da abin da ya ɗauka. Jana'izar ma ban je ba, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Gayyata ta yi wa Harisu yawa, walimar sauka nan da can. Kwalbar ta kusa ƙarewa. Ka ƙaro, kuma wannan karon ka rubuto, hannunka bai karye ba.

Yayanka, Mati.

Daura, daga asibiti

Ma'aruf.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ba lafiya ba.

Harisu yana kwance. A wata walima da la'asar, yana tsakiyar baiti, murya ta yanke kamar an ɗauke wuta. Ya yi tari, jini ya ɓata masa gaban riga. Yanzu da hannu yake yi mana magana, ni da shi mun zama ɗaya.

Likita ya haska maƙogwaron ya ce a ƙone yake. Ya ce garin maganin nan ba ya warkar da komai, kashe zafi kawai yake yi, mutum ya ci gaba da waƙa a kan ciwo yana yage kansa bai sani ba. Ya ce ban da wannan akwai wani abu a cikin maganin mai cin nama. Na yi masa gardama, na gaya masa labarin Yahya. Ya saurara, sannan ya ce in buɗe bakina ni ma ya duba. Na ce ba ni aka kawo ba.

Ya ce muryar za ta iya dawowa, za ta iya ƙin dawowa. Yana so ya san abin da aka zuba, don ya san da me yake faɗa, ko abin ya taɓa ciki ma. Na miƙa masa kwalbar, an lashe ta tas.

A baranda Inno ta tare ni, a gaban mutane. Ta ce ni da kaina na hore wa Harisu tun yana ƙarami kada ya sha ko ruwa a hannun kowa a wurin waƙa, kuma bai taɓa saɓawa ba, da gorarsa yake yawo. Ta ce to furar wa ya sha? Ta ce in faɗa mata abu ɗaya da ya bi ta maƙogwarona ya kuma bi ta nasa. Na yi mata tsawa, tsawar ma ba ta fito ba.

Ranar kasuwa na hau babur da wannan tsufa nawa har Mai'adua. Rumfarka a rufe. Maƙwabcinka ya ce ka tsallaka Nijar. Nijar kuma! Duk ranar da nake nemanka Nijar ce ke haɗiye ka.

Zan aika da wannan a ba matarka. Ban ce na yarda da maganar Inno ba, mace ce mai son a ce ta faɗa. Amma mutum ya kira ni yana bakin mutuwa na ƙi zuwa, ɗana kuma ga shi yana kallon rufi, leɓensa na motsi da baitin da bai ƙarasa ba.

Ba na son gaisuwa, ba na son kwalba. Ka zo, ko ka rubuta. Me ka zuba a cikin garin nan? Likita yana jira. Kuma ranar da alƙali ya nemi shaida, zazzaɓi ne ya hana ka zuwa, ko tun lokacin ka sani?

Ka amsa mini, Ma'aruf.

Ni ne yayanka, Mati.