Asuba a Maiduguri, La'asar a Sakkwato

Zuwa ga Mairama, inuwar tsamiyata, ruwan farko a kan duwatsun Doguwa, madarar safe mai ɗumi a sabuwar ƙwarya. Sallama, da gaisuwar mai laifi.

Tun tuni nake jin wata magana a kasuwar Kafin Maiyaƙi, wai mutum zai yi sallar asuba a Maiduguri, ya hau jirgin sama, ya yi la'asar a Sakkwato, wai ma sai jirgin ya gangara Abuja ya sha iska tukuna. Na ce to, zancen kasuwa ke nan. Ni da na auna ƙasar nan da ƙafar saniya, zango bayan zango, wa zai ce mini gabas da yamma sun zama maƙwabta?

Shi ya sa da autarmu Hamdiyya ta haihu a Sakkwato, kina Maiduguri gidan ɗanmu Munir, ya ce zai sa ki a jirgi, ke ma kika ce mini a waya zancen nan gaskiya ne, na hana. Na ce ki bi mota kamar kowa, yajin jego da man shanu a cinyarki. Kika bi maganata yadda kika saba. Mota ta lalace, gwiwoyinki suka kumbura. An yanka rago, an yi aski, an raɗa wa jaririya sunanki, mai sunan kuwa tana zaune a bakin titi rungume da yaji. Wayyo ni! Wane irin tsoho ne wannan?

Kin tuna daminar da muka yi a gefen Falgore, kina tatsa, jirgi ya ratsa samanmu kamar belbelar da ta yi makuwa? Kika ɗaga kai har ƙwarya ta karkace, kika ce wata rana sai kin hau. Na ce to wa zai tatse mana shanun? Kika yi dariya. Na ɗauka zance ya ƙare, ashe ajiye shi kika yi.

Yanzu Hamdiyya ta ce kin ce zama ya kama ki a can. Ina kira, ba ki ɗauka. Masara ta nuna, ƙofar ɗakinki a rufe, furar da ake dama mini kamar ruwan rafi. Hasken idona, sanyin ƙirjina, da wa zan yi gardama in ba ke ba?

Ki yafe mini. Na gaya wa Munir ya shirya: ni, mai tsoron hawa tsani, zan shiga ƙarfen nan in zo biko. In hantata ta kaɗa a sama, ta kaɗa, hakkinki ne. Mu dawo tare, ke ce a bakin taga.

Naki ne ni har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Baffa Rufa'i, wanda ya fara jin labarin jirgin nan a bakin Jibrin dillalin shanu ya ƙaryata, ya ji shi na ƙarshe a bakin wadda ba ta taɓa yi masa ƙarya ba: ke, Mairama.