Gonata Ta Gangara Gonar Surukina

Zuwa ga Malama Hajaratu, mai filin shawarwari,

Don Allah, Malama, ki agaza mini, domin abin da ya same ni ba ya faɗuwa a garinmu. Na gwada gaya wa mutum biyu, ɗaya ya yi dariya har ya ƙware, ɗayan ya ce in dakata ya kira ƙanensa shi ma ya ji. Ni manomi ne a wani ƙauye arewa da Tawa, ta wajen Takanamat. Ba zan faɗi sunan garin ba, ko da yake duk wanda ya san wajen zai gane ni tun bai kai tsakiyar wasiƙar nan ba. Karatun yaƙi da jahilci na yi shekara biyu, da hannuna nake rubuto miki, in kin ga kuskure ki yi haƙuri.

Gonata tana kan gangaren tudu. Kakana ne ya share ta, ya kuma jera duwatsu a gicciye, layi bakwai, daga sama har ƙasa. Tun ina ƙarami nake tuntuɓe da su ina tsaki, na ɗauka tsohon rasa aikin yi ne ya dame shi da rani. A ƙasa da tawa, inda gangaren ya ƙare, nan gonar surukina take, mahaifin matata Zaliha. Sunansa ba ya fita bakina, balle alƙalamina. Shekara tara da auren ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya sai in cire takalmi in durƙusa daga nesa in gaishe shi, in ya wuce in tashi. Haka muka tarar ana yi, ni kuma ban ƙi ba.

Kin san abin da fari ya yi mana shekarun baya. Shanuna uku, biyu suka mutu, ta ukun na sayar a kuɗin akuya. Ba don jar dawar taimako da sojoji suka raba ba, da ban san inda za mu sa kanmu ba, kuma har yau ba mu gama miƙewa ba. To, da ranin da ya wuce sai ga wani ɗan kwangila da kamiyo, babbar motar nan ta ɗaukar kaya, yana neman wata irin tsakuwa dunƙule-dunƙule mai kama da kashin raƙumi, wadda ke cikin ƙasarmu. Wai birni ake kai ta a niƙa. Muka yi ta dariya, muka ce ashe yunwa ta kai mutanen birni ga cin dutse. Da muka ga da gaske yake biya, dariya ta tsaya, kowa ya nemi dagi da kwando.

Mutane suna tsinta a fako bayan gari. Ni kuwa da wayona na gano cewa ta fi yawa a gonata, kamu biyu kacal a ƙarƙashin ƙasa. Na shiga haƙa. Rami ɗaya ya zama biyar, biyar suka zama ashirin da wani abu, ƙasar da na tono kuwa duk inda hannu ya kai nake watsa ta. Da direba ya ce kamiyo ba ya iya shiga saboda layukan kakana, ni da kaina na kwashe su na buɗe masa hanya. Da ya ga duwatsun a tare wuri ɗaya, ya ce magina suna neman irinsu a Tawa, ya loda su ma. Ranar nan, Malama, har tausayin kakana na ji, bawan Allah ya zauna a kan arziki duk rayuwarsa bai sani ba. Na sayi rediyo, na sayi sabon rawani, Zaliha ta sami zane biyu. Mutane suka fara ce mini Mushe, yadda ake kiran ma'aikatan gwamnati da Faransanci, ni kuma ina amsawa.

Ɗan kwangilan ya ce in an gama zai turo mota ta cike ramukan. Da damina ta matso muka neme shi, shi da motar, muka rasa.

Ruwan farko da hantsi ya zo, da ƙarfinsa. Ina tsaye a gindin aduwa a bakin gona, ina kallo da idona, gonata ta tashi ta tafi. Ba ƙari nake yi ba. Ƙasar da kakana da ubana suka yi shekaru suna zuba wa taki ta narke ta bi ruwa, ta gangara, ta tsallake iyaka ko sallama babu, ta shiga gonar surukina. Shi kuwa duwatsunsa suna nan inda ubansa ya bar su, suka tare ta, ta kwanta lafiya lau. Ruwa na biyu ya kai masa sauran. Abin da ya rage mini shi ne ramuka, da tsandauri, da wani kwari da ya fara ci daga sama.

Duk da haka na shuka. Hatsina ya fito tsilli-tsilli, bai kai gwiwa ba ya tsaya. Na surukina kuwa, shekara goma ba a ga irinsa ba a garin, har daga Affala ake zuwa kallo. Liman ya ce albarkar riƙon salla ce. Ban yi musu da liman ba, amma ni na san ƙasar nan, na san ƙamshinta. Har guntun tukunyar da uwata ta fasa a gonarmu tun ina ƙarami na gani a gindin hatsinsa.

Abin bai tsaya nan ba. Akwai Rissa, wani Buzu makiyayi da ke sauka a gonata kowace kaka, bisashensa su ci kara su bar mini taki. Bana ma ya zo. Yini ɗaya ya yi, raƙumarsa ta zurma rami, sai da mutum takwas da igiya aka fid da ita, har yau tana ɗingishi. Ya tattara kayansa bai ko dube ni ba, ya koma, ina kike tsammani? Gonar surukina.

Daga nan na tafi Tawa wurin malamin gona. Ya saurare ni tsaf, ya ce ƙasata ta gaji, takin zamani take so. Ya jawo buhu ya kwance, na ga wani gari mai toka-toka. Na tambaya daga wace ƙasa aka kawo shi. Ya ce ai na gida ne, tsakuwar nan ta arewa ake niƙawa. Malama, sai da na zauna daɓas. Gonata ce a cikin buhu, an ɗinke mata baki, ana so in saya in aza wa jaki in mayar da ita inda na tono ta. Ban saya ba. Ko na saya ma, a kan me zan zuba?

Yanzu ga wanda ban gaya wa kowa ba. Bayan girbi shaiɗan ya ba ni shawara, na kuwa karɓa. Da rana tsaka, lokacin da kowa yake inuwa, na kora jakina da mangala na shiga gonar surukina in ɗebo ƙasata. Na ce a raina ai ba sata ba ce mutum ya ɗauki abinsa. Na cika ɓangare ɗaya, ina ɗagowa sai ga tsohon tsaye da sandarsa. Na cire takalmi, na durƙusa, na sunkuyar da kai, na gaishe shi kamar a hanyar kasuwa muka gamu. Ya amsa. Ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya. Sa'an nan ya jingine sanda, ya ɗauki kwandona, ya cika ɗaya ɓangaren da hannunsa, ya gyara wa jakin kaya, ya ce in lura kada su karkace a hanya. Ya ɗauki sandarsa ya wuce. Ina nan durƙushe har ya ɓace, ni da jakin muna kallon juna.

Kashegari ya aiko da dami goma sha biyu, wai na jikokinsa ne. Na ce wa Zaliha ta mayar. Ta dube ni, ta dubi rumbunmu, ta jawo turmi. Tun ranar da ƙyar fura ke wuce mini maƙogwaro, ko da yake, don Allah, fura ce mai daɗi, na kuma san dalili.

To ga shi ɗan kwangilan ya dawo, ko zancen ramuka bai ɗaga ba. Ya ce tun da gonar ta mutu, in bar masa ita gaba ɗaya ya kawo katafila. Abokaina sun kasu biyu. Wasu sun ce in kai ƙara wurin maigari a raba mu da ƙasa da hatsi, wasu sun ce in ba da gonar in tafi Arlit neman aiki. Ni ba na son ko ɗaya. Yaya zan yi shari'a da mutumin da ba na iya duban fuskarsa? In kuma na ba da gonar, ina zan nuna wa 'ya'yana in ce nan ne namu? Ina jin kunya, ina jin haushi, ban ma san wanda nake jin haushinsa ba. Malama, ƙasar da ruwa ya ɗauka ta wace ce, kuma ta ina zan karɓo ta?

Naki,
Mai Gona a Gangare

*

Malam Mai Gona,

Na ƙudura ba zan zama ta uku da ta yi maka dariya ba, na kuma daure har zuwa wurin jakin. Ka yafe mini.

Bari in fara da abin da ba laifinka ba. Mutumin da fari ya kashe wa shanu, aka zo har ƙofar gida ana sayen tsakuwa, bai yi abin kunya ba don ya sayar. Arzikin da Allah ya sa a ƙarƙashin ƙasa don amfani ya sa shi, kuma takin nan yana iya taimakon gonaki da yawa. Ɓarnar tana wurin yadda aka haƙa. Ɗan kwangila ya ɗauki abin da yake so ya bar maka rami, kai kuma ka kwashe da hannunka abin da ke riƙe da gonar. Laifin naku ne ku biyu. Kada ka ɗauke shi duka, kada kuma ka sauke shi duka.

Surukinka ba ya ciki. Ba shi ya aiki ruwa ba. Saboda haka kada ka kai ƙara. Ni ba alƙali ba ce, amma ban ga maigarin da zai zauna da rariya yana ware ƙasarka daga tasa ba. Abin da kawai za ka samu shi ne zubewar mutunci, ka kuma tsayar da Zaliha tsakanin uba da miji. Jakin ma ka bar shi ya huta, domin duk abin da ya hauro da shi ruwan farko zai sake gangara wa tsohon.

Ka sake karanta wasiƙarka da natsuwa. Dattijon nan ya san kome. Wanda ya tarar da kai kana ɗibar ƙasa a gonarsa ya taya ka lodi, kashegari ya aiko da hatsi da sunan jikoki, rabonka ya ba ka ta hanyar da ba za ta kunyata ka ba. Sha furarka da zuciya ɗaya. Shi ma fa yana da abin tsoro. Kwarin da ya fara ci a saman gonarka ba zai tsaya a iyaka don kunya ba. Bana ruwa ya kawo masa ƙasa, baɗi in babu abin da ya rage masa gudu, fasa masa layuka zai yi. Yana bukatar duwatsunka su dawo kamar yadda kake bukata.

Kunya ta hana ka magana da shi, amma ba ta hana aike ba. Na lura ka nemi shawarar abokai, da malamin gona, da shaiɗan, da ni, ba ka nemi ta Zaliha ba, ita da ke shiga gidajen biyu. Ku zauna, ku zaɓi dattijo ɗaya da yake jin maganarsa, ya kai masa godiya, ya kuma shaida masa za ka kira gayya. Ka sanar da samariya, ƙungiyar samarin garinku. In abincin gayya ya gagara, rediyon nan ya tafi kasuwa. A fara cike ramuka, sa'an nan a jera layuka, duwatsu ba su ƙare a kan tudu ba. Ka kuma ɗauki shayi da sukari ka je ka duba raƙumar Rissa, ka ba shi haƙuri. Gonarka tana bukatar bisashensa fiye da kowane buhu.

Game da ɗan kwangila, kada ka ba shi gonar, kada kuma ka tare shi kai kaɗai. Ku taru ku je wurin maigari a yanka masa wuri a fako, nesa da gonaki da burtali. Duk inda za a haƙa a tara ƙasar sama gefe guda, a mayar da ita in an gama. Kamiyo ba ya fita da lodin yau sai an cike ramin jiya. Tun da kuma kamiyon babu kaya yake shigowa garinku, ya riƙa zuwa da duwatsu a madadin waɗanda ya kwashe. Kai da ka iya rubutu ka rubuta, kowa ya dangwala hannu, a kai takarda ɗaya ofishin hukuma a Tawa. In ya ƙi, ku bar shi ya tafi. Tsakuwar tana nan, za ta jira wanda zai yarda.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙasar da ta tafi ta tafi. Wadda za ka samu sabuwa ce, ruwa da iska da kofato su za su tara maka ita a bayan duwatsu kaɗan-kaɗan. Baɗi ba za ka cika rumbu ba, wataƙila har da shekarar gaba. Amma gonar tana hannunka, kuma za ta tashi. Saura wata bakwai ruwa ya sauka, ka fara gobe da ramin da ya fi zurfi.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya bar zumunci, ya kuma tsayar maka da gonarka wuri ɗaya. A gai da Zaliha.

Hajaratu