Hatimin da Na Buga a Kife

3 ga Nuwamba

Zuwa ga matata Tomie,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙafar taki ta yi sauƙi, kuma ƙanwarki ba ta cika ki da surutu ba. Ni lafiya lau, sai kewar miyarki.

Kin ji kotu ta wanke Hayasaka, masuncin da aka ɗaure shekara ashirin da tara kan kisan mai kantin shinkafa. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne, takardar amsa laifinsa ta bi ta teburina a ofishin 'yan sanda. Ina karantawa na san ba shi ya yi magana ba, wahalar kwana goma sha takwas na tambayoyi ce. Amma manya sun riga sun gama shawara. Sai na yi abin da ma'aikaci ke yi in bai yarda ba kuma yana tsoron faɗa: na buga hatimina a kife. Na dawo gida na ci abinci har da ƙari.

Daga nan aka yi ta ƙara mini girma har na shugabanci 'yan sandan lardi, ke kuma kina goge mini lambobin yabo. Jibi zan je neman gafarar Hayasaka. Tsoro nake ji, Tomie.

Mijinki,
Shigeo

6 ga Nuwamba

Tomie,

Ina gaishe ki, ya jikin? Na je. Na tarar da shi ya tsufa fiye da ni, alhali na girme shi. Na durƙusa, goshina a tabarma, na yi masa bayanin hatimin. Ba zan ɓoye miki ba, na sa rai zai zame mini shaida cewa ban yarda ba.

Ya ɗauko kwafin takardar da lauyansa ya ba shi tun da daɗewa, duk ta yi laushi. Ya ce, "Au, kai ne mai wannan? Ranka ya daɗe, ai ni na ɗauka wani mashayi ne ya buga shi cikin maye, har na yafe masa tuntuni. Ashe ka sani."

Ya zuba mini shayi, shayin ya huce a gabana ban iya ɗauka ba.

In kin dawo ba za ki ga lambobin a bango ba. Ki kula da ƙafar.

Naki,
Shigeo