Galan Ɗin Da Na Rantse A Kansa

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Ni Ya'u mai man inji na bakin tashar Zango a Daura, da hannuna na rubuta wannan. Hankalina garau yake, ƙafafu ne suka kumbura, likita kuma ya daina kallona ido cikin ido. Zuwa gare ku 'ya'yana, Misbahu, Zulkifilu da Maijidda.

Na ɗaya. Gida da shago da gonar hanyar Dutsi, a kira malamai su raba yadda Allah ya ce. Ban sa baki ba.

Na biyu. Misbahu da Zulkifilu, shekara huɗu ke nan ba ku gaisawa sai a gaban mutane. Kai Misbahu, tun da ka dawo daga karatu ka kafe cewa man da ake rubuta wa sintetik iri biyu ne, akwai wanda aka haɗa asalinsa a masana'anta, akwai wanda aka tace daga ɗanyen mai aka laƙaba masa sunan, kuma na biyun ba ya jure wahala kamar na farko. Kai Zulkifilu, da taurin kanku na makanikai, ka ce inji ba ya karanta takarda, in an tace mai da kyau duk ɗaya ne. Da musun ya tsaya nan, wallahi da dariya zan yi in bar ku, don masu yin man ma ba su gama shi ba.

Na uku, shi ne ya hana ni barci. Kun san Ɗantsoho direba. Na sayar masa galan ɗin sintetik, na ce ya yi ta tafiya, ba shi ba juyen mai sai bayan damina. Wata biyu injinsa ya ƙone gaba da Mashi, da azahar, matarsa Laraba na kwance a kujerar baya tana naƙuda. Kafin wata mota ta tsaya musu, rai ya yi halinsa.

Ɗantsoho ya kai ni kotun Musulunci. Misbahu ya ce irin tataccen man nan ne, kamfani ya yaudare mu. Zulkifilu ya ce man lafiya lau, direba ne ya yi sakaci, ya kuma kira yayansa mai tona asirin uba. Alƙali ya ce in rantse cewa abin da na sayar na asali ne. Na yi alwala, na dafa Alƙur'ani, na ce galan ɗin na asali ne. A zuciyata robar nake nufi. Ita kam ta kamfani ce. Abin da ke ciki baƙin mai ne da aka juye daga motoci, wanda na bari ya kwanta, na tace da ƙyalle, na sirka da sabo kaɗan, na liƙe murfin da ƙarfe mai zafi. Ni kaɗai nake yin wannan a ɗakin baya. Kun shekara huɗu kuna gaba a kan man da bai taɓa shiga galan ɗin ba, ina ji ina gani na yi shiru, domin faɗanku ya rufa mini asiri. Kunyar wannan ta fi mini ciwon da ke jikina.

Na huɗu. Durom biyu na baƙin man da suka rage a ɗakin, a ba kafintoci su shafa wa katako saboda gara. Ko ɗigo kada ya shiga injin wani.

Na biyar. Ku je gidan Ɗantsoho ku uku, Maijidda ta shiga wajen mata, ku maza ku karanta masa wannan takarda tun daga farko, kada ku tsallake layi. Ban yarda ku tafi da liman ko mai unguwa ba, don kada nauyinsu ya sa ya faɗi abin da ba ya zuciyarsa. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidansa, na tsaya, na juyo.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, ya tsare bakinku daga irin rantsuwata. Ku riƙe juna, ku riƙe 'yar'uwarku, a mota ɗaya za ku je, a mota ɗaya za ku dawo. In Ɗantsoho ya ce ya yafe, ku zo kan kabarina ku yi mini addu'a. In ya ce bai yafe ba, kada wanda ya roƙe shi sau biyu. Haƙƙinsa ne, ni da shi da Laraba za mu tsaya a gaban Allah.