Motar da ka gyara tana ja hagu

Gwani,

Na leƙa ɗakinka, kana ta munshari kamar wanda ya yi abin kirki, na ƙyale ka.

Jiya cewa kawai na yi ƙafar gaban babbar motar tana ƙara, ban ce ka taɓa ba. Ina cin abinci ka ɗaga ta a jak, ka kama kan notin hannun ƙarfen da ke riƙe ƙafar ka murɗa. Layin farin fentin da ke jiki fa? Ka ɗauka ado ne? Shi ne alamar saitin taya. Ƙasa ake sauke mota ta zauna da nauyinta, a riƙe kan notin da sifana ɗaya kada ya motsa, a ɗaure ta baya da ɗaya. Kai kuwa ka juya komai, har kana gaya wa Inna ka hutar da ni zuwa gareji.

Da safen nan na gwada ta zuwa bakin titi. Tana ja hagu kamar jakin da ya hango gida, saura kaɗan in shiga shagon mai walda. Lodin tumatirin yau ya tafi hannun wani direba, ni kuma na tafi wajen mai saiti.

Idan ka tashi, kada ka taɓa komai mai noti a gidan nan. Ƙafar kujerar Inna ma tana rawa. Na ce mata ta zauna a tabarma har in dawo.

Yayanka