Miƙa wa Amarya Ƙafa

Litinin, 2 ga Yuni
Likita ya duba gyambon da ke ƙarƙashin babban yatsan ƙafata, ya ce mai ciwon suga ba ya wasa da irin wannan. A wanke safe da yamma, a sake bandeji. Wai ni ake koya wa wankin ciwo, ni da na shekara talatin da ɗaya ina nas! Matsalar dai bayana ya daina lanƙwasuwa, idon ma sai a hankali. A mota Amarya ta ce, "Mama, ni zan riƙa yi miki." Na ce ta bar shi. Matar ɗana ce, shekararta shida a gidan nan, har yau Amarya nake ce mata. Ina ni ina miƙa wa surukata ƙafa mai ruwa?

Laraba, 4 ga Yuni
Na kulle ɗaki, na ajiye madubi a ƙasa, na yi da kaina. Rabin audugar a kan tayil ta ƙare. Ina jin Amarya tsaye a bakin ƙofa. Ta daɗe kafin ta tafi.

Lahadi, 8 ga Yuni
Shugabar zumuntar mata ta ba ni darasin ranar Alhamis: wurin da Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Na ji daɗi, wannan ai fagena ne. Zan gaya musu hidima ba a baki take ba. Rufaffen takalmi na sa zuwa coci don kada a gani, na dawo da ƙyar.

Talata, 10 ga Yuni
Gyambon ya fara wari. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 11 ga Yuni
Rubutun Littafi Mai Tsarki ya yi mini ƙanana, sai na sa Amarya ta karanta mini a falo. Da ta zo inda Bitrus ya janye ƙafarsa ya ce ba za a wanke masa ba, ta yi murmushi ta ce, "Mama, ashe mutumin nan ɗan gidanku ne." Na harare ta. Ta ci gaba, har inda Ubangiji ya nuna masa cewa in ya ƙi wankin, ba shi da rabo da shi. Sau nawa na karanta wurin nan? Kullum a gun mai tawul nake ajiye kaina.

Ta rufe littafin, ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Da na haihu kwana uku kika yi a kaina a asibiti, har fo kika zubar mini. Ni ko kofin ruwa ba kya bari in miƙo miki. Wani lokaci ji nake kamar baƙuwa ce ni a gidan nan."

Na ce wanzami ba ya son jarfa, don mu yi dariya. Ba ta yi ba. Kunya ta kama ni ƙwarai.

Alhamis, 12 ga Yuni
Ban je darasin ba, zazzaɓi. Likita ya buɗe bandejin ya duba. Ya ce in aka ƙara mako ɗaya a haka, sai dai a cire yatsan. Na tsorata, gaskiya.

Juma'a, 13 ga Yuni
Da safe na bar ƙofar a buɗe. Amarya ta shigo da roba da ruwan ɗumi, ta durƙusa, ta ɗora ƙafar a cinyarta. Ina lura da hancinta, ko yatsina fuska ba ta yi ba. Na ce, "Daga tsakiya zuwa waje, kada ki koma da audugar." Ta ce, "To, Mama." Hannunta da sauƙi, ya fi na wasu da na horar. Hawaye ya zubo mini, ta tambaya ko zafi ne. Na ce eh.

Laraba, 18 ga Yuni
Safe da yamma, ba fashi. Tana ɗaure bandeji da ƙarfi kaɗan, amma na daina magana. Yau ta ba ni labarin mahaifiyarta da ta rasu tana 'yar shekara tara. Shekara shida muna cin abinci tare, ban taɓa tambaya ba.

Talata, 24 ga Yuni
Nama ya fara cikowa, yatsan ya tsira. Na gode wa Allah. Likita ya ce wa ke yi mini wankin nan, aikin ya yi kyau. Na ce 'yata ce. A mota Amarya ta juya wajen taga tana ta share ido da bakin gyale. Suɓutar baki ce kawai. Ban dai gyara ba.