Ƙadangarun Ƙofar Hajiya Shatu

Daura,
9 ga Yuni, 2002.

Zuwa ga ƙanena Malam Ma'aruf, a Zango.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya tare da iyali da ɗalibanka, kuma an yi shuka lafiya. Ni ga ni nan. Ƙafa ta ƙi, ido ya rage, amma hankalina yana inda ka san shi, ko da yake takardarka ta nuna kana shakkar haka.

Ɗantsoho direba ya kawo mini ita ranar Laraba. Tsakanin Zango da Daura ba a yin awa guda a mota, amma ka gwammace ka aiko da hukunci a ambulan. Ka ce in rabu da kyanwata don a zauna lafiya, in tattara in koma wurinka. Ba ka tambaye ni abin da ya faru ba, ka tsinci magana a bakin 'yan tasha. To, bari in gaya maka.

Ka san maƙwabcina Alhaji Kabo mai sayar da taki, wanda ya rushe katangar ƙasa da ke tsakaninmu ya ɗora ta bulo, har da fasassun kwalabe a kanta, sai ka ce ni ne ɓarawon unguwa. Mahaifiyarsa, Hajiya Shatu, ta samu shanyewar ɓarin jiki tun bara, tana kwance. Sau uku ke nan ana tsintar ƙadangare marar kai a ƙofar ɗakinta. Matar Kabo ta rantse ta ga kyanwata 'Yar Baure tana shigowa da shi a baki ta ramin rariyar da ke gindin katangar. Shi ke nan, wai ni nake aiken kyanwa da sammu don in ƙarasa tsohuwa. Kabo yana faɗa a majalisa cewa yanzu zamanin Shari'a ne, zai kai ni gaban alƙali a kan sihiri.

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa. Shi kansa Kabo a ajina ya zauna, bai taɓa sanin ƙafar gizo-gizo nawa ba ce. Yau ni ne boka. A masallaci idan na tsaya, sai sahu ya bar mini fili dama da hagu, ni da a da ake turereniyar tsayawa kusa da ni.

Kai ma ka ɗauko nasu. Ka rubuta cewa an ce tana zura wa kusurwar ɗaki ido tana kallon abin da mutane ba sa gani. Gara take saurare a cikin azara, Malam. Na sa sanda na ƙwanƙwasa wurin, ƙasa ta zubo. An ce tana kwanciya a kan buzun sallata. Tana kwanciya, domin da ɗumi kuma warina yana jiki, haka take yi a kan rediyo idan ya yi zafi. An ce tana murza zanen gadona da ƙafafun gaba kamar mai kwaɓa wani abu. Haka ɗan kyanwa yake murza cikin uwarsa idan yana shan nono, wasu ba sa mantawa har tsufa. Kai da kake karantar da littafin tsarki, ai kai ya kamata ka tuna musu cewa ko ragowar ruwanta ana alwala da shi. Tana haƙa rami ta binne ƙazantarta, abin da 'ya'yan Kabo ba su koya ba har yau.

Batun ƙadangaru kuwa, ba ita ba ce. Kyanwa ba ta kai farautarta sai ga wanda ta ɗauka nata. Ta cinye kai ta ajiye maka saura, ita a wurinta girmamawa ce. Shekara goma sha ɗaya, tun da matata marigayiya Zakiyya ta ɗauko ta daga Baure a cikin kwando, ƙofata take kawo wa. Me zai kai ta gidan da ake jifanta da takalmi? Kyanwa nawa ce a unguwar nan?

Tun da Zakiyya ta rasu, babu mai motsi a gidan nan sai ni da ita. Ba zan saka ta a buhu ba. Zango kuma ba ni zuwa, kada ka sake tayar da zancen.

Ka gai da Yasmin da yara. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Yayanka,
Kalilu.

Daura,
23 ga Yuni, 2002.

Malam Ma'aruf,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin da aka ce ya kama ƙaramarku ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi. Nawa jikin da dama, sai gwiwa.

Na ga amsarka. Ka cika shafi biyu da nasiha a kan haƙƙin maƙwabci. Ban ga layi ɗaya a kan haƙƙin ɗan'uwa ba, wataƙila littafin ba ya cikin waɗanda ka sauke.

Mai unguwa ya kira ni. Ya ce shi ba ya son magana ta kai kotu, saboda haka ya ba ni zuwa Juma'a mai zuwa. Ko in ba da ita a kai Kongolam a sake ta bayan iyaka, ko ya cire hannunsa Kabo ya shigar da ƙara. Kabo har ya aiko da buhun taki wanda ba komai a ciki, aka jingine mini a zaure. Na sa shi a ƙarƙashin tukunyar ruwa.

Yanzu zan gaya maka abin da ban so faɗa ba, kuma ba don ka cancanta ba, sai don ba ni da wani. A takardar farko na ce ƙofata take kawo wa. Haka ne a da. Na zauna na tuna, rabon da in tsinci ƙadangare a ƙofata tun kafin Babbar Salla. Na yi ta ce wa kaina tsufa ne ya hana ta farauta.

Ranar Litinin da hantsi ta shigo ta hau cinyata. Da na sunkuya sai na ji ƙamshin turaren wuta a gashinta, da warin man zafi irin wanda ake shafa wa marar lafiya. Ma'aruf, shekara huɗu ba a kunna turaren wuta a gidan nan ba. Na shinshina bakinta, kifi. Ni kuwa abin da nake ba ta ɗumamen tuwo ne da ɗan romon da ya rage, in ya rage. Washegari na ja kujera na zauna gefen rariya. Bayan an tafi kasuwa gida ya yi shiru, ta miƙe ta yi miƙa, ta wuce ta gabana ba ta ko dube ni ba, ta shige ramin. Ba ta fito ba sai azahar, tana lasar baki.

Ashe ita ce. Ashe kuma akwai mai ba ta abinci a can, wadda take kwana da turare da man zafi, wadda ba ta iya tashi. Ba sai an yi karatu mai zurfi ba. Ta samu wadda ta fi ni kasawa kuma ta fi ni kifi, ta mayar da hidimarta can.

Kwana biyu ban yi mata magana ba. Ta zo tana goga kanta a ƙafata, na janye. Na san ma'anar gogar, alama take sa wa kayanta, kamar yadda ake yi wa shanu. Wato ni ma ina cikin kaya, amma na ajiya. Ta zauna nesa tana lumshe mini ido a hankali. Zakiyya takan ce idan kyanwa ta yi haka, cewa take yi ta amince da kai. Na ce mata munafuka. Ni da na tsaya ana guduna a sahu saboda ita, ita kuwa tana can tana cin kifin masu zagina.

Na duba buhun nan fiye da sau ɗaya, ba zan ɓoye maka ba. Amma da rana ta yi sanyi ta hau ƙirjina tana gurnani, na ji nauyinta bai kai na mudun gero ba, ta tsufa kamar ni. Kongolam ba za ta yi kwana uku ba.

Ranar Juma'a zan je in faɗi abin da na gani. Ba na neman ka zo. Na san ranar kana da karatu, kullum kana da karatu.

Ka gaida gida.

Kalilu.

Daura,
7 ga Yuli, 2002.

Zuwa ga Malam Ma'aruf.

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, gero ya yi kyau. Ina nan da rai.

Na san labari ya riga takardata zuwa, tun da har ka aiko Ɗantsoho ya yi mini barka. Riƙe barkarka, ka ji yadda aka yi.

Bayan sallar Juma'a aka taru a zauren mai unguwa, da liman da dattawa biyar da Kabo. Na yi musu bayani kamar yadda nake yi wa aji, cewa kyanwa tana kai farauta ga wanda yake ciyar da ita, musamman in ta ga ba ya iya nema da kansa. Kabo ya yi dariya, ya ce boko ne. Na ce to, a shiga a tambayi mai ɗakin. Nan aka gano ba wanda ya taɓa tambayarta. Wata uku suna share ƙadangaru a ɓoye, suna kiran masu tofi, suna ɓata mini suna gari guda, wai kada a gaya mata ta tsorata.

Mai unguwa ya tura yayarsa, Gwaggo Hasana, ta shiga. Ta daɗe. Da ta fito tana share ido, ta ce Hajiya Shatu ta ce ita ke kiran kyanwar. Kifi da madarar da ɗanta yake saya mata, rabi na kyanwa ne. Ta ce duk gidan a kawo kwano a ajiye a fita ne, ba mai zama da ita sai wannan dabba, wadda take kwanciya a kan ƙafarta da ta mutu har ta ji kamar ɗumi yana shiga. Da ta ji ana shirin kai ta Kongolam sai ta fashe da kuka, ta ce a haɗa da ita.

Ka so ka ga fuskar Kabo. Liman ya sa shi ya nemi gafarata a gaban kowa, ya durƙusa yana cewa Malam a yafe. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Jin daɗin bai kai a sha ruwa ba.

Mai unguwa ya gyara zama ya ce, tun da Allah ya wanke ni, kuma kowa ya san ni da dattako, me zai hana in bar wa marar lafiya kyanwar saboda Allah. Liman ya kawo falalar tausaya wa majinyaci. Dattawa suka ɗauki Allah ya saka da alheri tun ban buɗe baki ba. Mutum takwas suna kallona, yanzu aka gama cewa ni mutumin kirki ne. Ka gaya mini, kai malami, ta wace ƙofa ake fita daga wannan? In ce ni ma ba ni da kowa? A gaban yaron da na koya wa baƙaƙe? Na ce na bar mata. Da bakina na faɗa. A raina ina cewa ai rami yana nan, za ta ci can ta kwana nan kamar yadda ta saba.

Ranar Asabar da safe, tana ciki, Kabo ya kawo magini ya toshe rariyar da siminti, ya juya ruwansa waje. Wai Hajiya tana damuwa idan kyanwar ta fita. Katangar ta fi ƙarfin tsallenta, ƙofar gidansu kuma ta ƙarfe ce, kullum a rufe. Na je wurin mai unguwa, ya ce ai kyauta ba a bin sawunta.

Yanzu ana ba ni hannu a masallaci har kafaɗata tana ciwo. Matar Kabo tana aiko mini da tuwo da miyar kifi. Ina mayar da kwanon yadda ya zo.

Ranar farko na ji ta a bayan katangar, daidai inda ramin yake, tana kuka tana karcen siminti. Na ja kujera na zauna ta nan ɓangaren ina kiranta. Rana ta biyu ma ta zo, kukan bai kai na ranar farko ba. Rana ta uku na zauna tun hantsi har la'asar, ba ta zo ba. Yau kwana takwas.

Ka samu abin da ka nema tun farko, an rabu da kyanwa, an zauna lafiya. Ɗantsoho ya ce kana cigiyar wata 'yar kyanwa a Zango za ka aiko mini. Kada ka aiko. In ta zo, a motar da ta kawo ta za ta koma.

Ka gai da Yasmin, ka ce na gode da kukar da ta aiko. Allah ya sa mu cika da imani.

Yayanka,
Kalilu.